Sawu a Iyakar Gona

"Ba sammu ba ne," in ji likita, yana ɗaga hoton ƙafar ga hasken taga. "Babban yatsan ne ya karkace, ƙashin gindinsa ya turo waje. Gadonsa ake yi. Ka bar matsattsen takalmi, ka riƙa sa auduga tsakanin yatsun. In ciwon ya ƙi, mu yi aiki mu miƙe shi."

Tsohon ya ja tsaki. Shekara bakwai ke nan da ya hangi ƙanensa duƙe a kan sawunsa a iyakar gonarsu ta Gazawa, kuma tun ranar ƙullutun ke girma. Sau uku wanzami na yi masa sakiya. Ya tsine wa ƙanen a tsakiyar kasuwa, ya sauya masallaci, ko jana'izar matar ƙanen bai je ba.

Ƙanen, wanda mai gari ya tilasta wa rako shi Maradi, yana tsaye bakin ƙofa.

"Likita bai san ka ba, ni na san ka," in ji tsohon. "Me ka duƙa ɗiba ran nan in ba ƙasar sawuna ba?"

"Ban ɗebi komai ba, Yaya. Sawunka na gani sak na Baba, na tsaya kallo."

Ƙanen ya zare takalminsa, ya miƙo ƙafa. Ga ƙullutu nan jawur, yatsan ya kwanta kan ɗan'uwansa.

"Ni kuma wa zan tsine wa?"