Shekarun da Dariya Ta Ragu

"Kar a saka na shekarun ƙarshe," wani dattijo ya ce wa mai buga faifai a kasuwar Gumel.

Ya daɗe yana wasan barkwanci a talabijin tare da amininsa da ya rasu, yanzu kuma za a fitar da shirin a faifai. Wasannin farko kowa ya haddace su. A na ƙarshe kuwa ciwo ya riga ya ci ƙarfin aminin: a zaune yake wasa, ya manta magana, tari ya katse masa raha. A ganin dattijon, ɓoye su rufin asirin mamaci ne.

Da labari ya kai garin Maigatari, autar marigayin ta zo har zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, na ji za a cire na ƙarshen."

"Mutuncinsa nake karewa, 'yata. A tuna shi da ƙarfinsa."

Ta ɗago kai ta ce:

"Mai tsalle-tsallen nan na jama'a ne, ban taso na same shi ba. Wannan mai tarin, mai mantuwar, shi ne babana."

Washegari dattijon ya koma kasuwa, ya ce a fara bugawa, har da na ƙarshen.