Agogon Likita

Siririn hannun agogon ya kamata ya kasance a kan sha biyu. Da safiyar nan tsohon alƙalin ya same shi a tsaye kusa da biyar.

Ya sa safar hannu, ya ɗauki madubin ƙara girma, ya duba. Ba ƙwarzane, ba alamar yatsa. Amma lalle an danna maɓallin sama, hannun ya zagaya, aka sake dannawa ya tsaya. Shi ko bai taɓa barin agogo a haka ba.

A cikin agogunan da ke jere kan karan-miski a kabad ɗin ɗakin karatunsa na saman bene, wannan ya fi so. Na marigayi surukinsa ne, likita, ya kuma shigo gidan tare da kayan auren matarsa. Irinsa kaɗan suka rage a duniya. Baƙar fuskarsa ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, kuma wannan koɗewar ita masu tara agoguna ke nema ruwa a jallo. Ba a taɓa goge shi ba, ba a canza masa ko ƙusa ba. A gefen fuskar akwai jajayen lambobi ƙanana, waɗanda likitocin da ke amfani da su: a danna, a ƙirga bugun jijiya talatin, a tsayar, a karanta yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Alƙalin yakan nuna wa baƙi kyan rubutun lambobin, ya ce yanzu ba mai iya zana irinsu.

Ya danna maɓallin ƙasa, hannun ya koma mazauninsa. Ya kulle kabad.

Washegari ya same shi a kan huɗu da rabi.

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana auna shaida ba ya gaggawar yanke hukunci. Ya zauna ya jera waɗanda ke shiga gidan. Mai shara ba ta hawa bene. Matarsa ma ta daina hawa sai da dalili. Shayin da take kawo masa ɗakin karatu yanzu a ƙasan matakala take ajiyewa, ta kira shi ya ɗauka. Saura mijin 'yarsa, wanda ya taɓa tsayawa gaban kabad ɗin ya ce cikin raha, “Baba, wannan mai ruwan ƙasar ai ya tsufa, a ba ni in kai a wanke masa fuska.”

Alƙalin bai yi dariya ba a ranar. Yanzu da ya tuna, sai maganar ta tsaya masa a rai. Ya san yadda ake yi: a gwada agogo a tabbatar yana aiki, a ɗauki hotonsa, a sa a ƙera jabu, wata rana a musanya.

Ya sauya wa makulli maɓoya. Hannun ya ci gaba da motsi. Abin da ya fi damunsa shi ne tsarin da ya lura da shi: kowane mako wurin tsayawar na ƙara matsowa sama. Daga huɗu da rabi zuwa huɗu, daga huɗu zuwa uku da rabi. Ya ɗauka izgili ne, ɓarawo ke nuna masa cewa lokaci na ƙurewa.

Barci ya ƙaurace masa. A teburin cin abinci matarsa ta ajiye cokali ta ce, “Maigida, akwai maganar da nake so mu yi.”

“Ba yanzu ba,” in ji shi. Idonsa na kan ƙofar bene.

Ta dube shi, ta ture kwanon da ba ta ci rabinsa ba, ta dafa bango ta tashi.

Da 'yar da mijinta suka zo gaisuwa, ya tare su a bakin ƙofa. Cikin muryar da ya saba karanta hukunci da ita, ya shaida wa mijin cewa kada ya ƙara taka gidan.

“Baba, me ya yi?” 'Yar ta riƙe hannun rigarsa. “Ka faɗa mana mana! Uban jikokinka ne fa.”

“Ya san abin da ya yi.”

Mijin ya juya ya tafi. Ita ma ta bi mijinta tana kuka, ta ce in dai haka ne ba za a sake ganin ƙafarta ba.

Kwana biyu bayan haka, hannun yana kan uku.

Alƙalin ya daɗe a tsaye gaban kabad. Ya kori mutum ba da hujja ba, abin da bai taɓa yi a kan kujera ba. Bayan abincin rana ya ce zai fita, ya buga ƙofar waje da ƙarfi, ya lallaɓa ya hau, ya laɓe bayan labulen ɗakin karatu.

Ya ji taku a matakala, a hankali, ana hawa ana hutawa. Ƙofa ta buɗe. Wani ya zauna a kujerarsa yana haki. Makulli ya juya. Sai ɗan ƙaramin sautin da ya sani, ƙas. Shiru. Sannan ƙas.

Ya yaye labule.

Matarsa ce, wadda ba maɓoyar da ba ta sani ba a gidan, agogon mahaifinta a cinya, yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannunta, leɓunanta sun yi fari. Ba ta razana ba. Ta miƙo masa agogon, hannun bai ko kai uku ba, yana nuna jar lamba ɗari da arba'in.

“Kada ka mai da shi sha biyu yau, karanta,” ta ce. “Zuciyata ce. Na gaji da neman ka saurare ni, shi ya sa nake bar maka a kan abin da na san kana dubawa kowace safiya.”