Jan Biron Farfesa

Wata huɗu da binne Farfesa, jan bironsa ya sake yin gyara.

Magajiya, ɗalibar da ta gaji kujerarsa a jami'a, ita ta gani da idonta. Manhajar da ke auna wa jarirai magani a asibitin yara, wadda ya rubuta shekara talatin da suka wuce, ta fara zarce kima. An koma lissafi da hannu, ma'aikatan jinya sun galabaita, kowa na tsoron ranar da gajiya za ta kashe ɗan wani. Kwana shida Magajiya tana bin layukan manhajar, ba ta ga komai ba.

Da yana raye, da tuni an wuce wurin. Shi ya fara koyar da gina manhaja a ƙasar, shi ya kafa dokar da ɗalibansa suka yaɗa ko'ina: ba mai duba aikin kansa. Bai taɓa gyara a gaban mutum ba. Sai ya naɗe takardunka ya tafi gida, da safe ya dawo da su jawur, ga lambar bakwai ɗinsa mai ƙugiya, ga tambayar da ta sa manyan maza zufa: "Wa zai cutu idan wannan ya karye?" A allo kuwa manyan baƙaƙe kawai yake zabgawa, kamar ɗan aji ɗaya.

Magajiya ta buga layukan a takarda, ta tafi gidansa ko tsofaffin fayilolinsa za su taimaka. Matarsa, wadda ɗalibai ke kira Inna, ta buɗe mata ɗakin karatun. An ce a ɗakin kwamfuta suka haɗu da Farfesa, tana huda katunan da ake ciyar da injin a zamanin da. Ɗalibai dai shayinta suka sani.

"Bar su nan, 'yata, je ki huta. Idonki ya faɗa."

Washegari da hantsi ta dawo. Ƙamshin turarensa na nan a kujera, tabaraunsa na inda ya bari. A shafi na arba'in da bakwai an zagaye layi ɗaya da ja. A gefe, tambayar nan, da ƙarin kalma uku: "Jariri ɗan bakwaini."

Ta taɓa tawadar, ta ɗan kama mata yatsa. Ita da ta tsaya a kan gawarsa!

Ta gwada, sai ga shi haka ne: manhajar ba ta san jaririn da bai kai kilo ɗaya ba, don a zamanin da aka rubuta ta irinsu ba sa rayuwa. Kafin yamma an gyara. Ba ta faɗa wa kowa wanda ya gano ba, wa zai yarda?

Ta koma kwashe takardunta, tana tsoron ko kallon kujerar. Inna ta rako ta ƙofa tana dafa bango, ta miƙa mata wata 'yar takarda a naɗe.

"Ki biya kantin magani ki sayo min wannan, ƙafar ta matsa min."

Sai a bakin titi Magajiya ta warware 'yar takardar. Sunan magani ne da jan biro, ƙwaya bakwai, bakwai ɗin da ƙugiyarsa, cikin rubutun da ta yi shekara ashirin tana kira na Farfesa.