Mai Fenti da Taragun Ubansa

Ka ce za ka rushe ɗakin gyatumarka kafin ta dawo daga ƙauye, ka gina mata na siminti. To. Ajiye digar ka zauna, ba zan daɗe ba.

An yi wani tsoho da ya ƙare ƙarfinsa a reluwe, aikinsa ƙulla taragun kaya. Da jirgin ya daina zuwa garinsu, sai ya koma zaure yana ƙera ƙananan taragu da gwangwanin madara, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ƙirar ba ta ɗaukarsa lokaci. Fentin ne ke cin watanni. In ya shafa jan fenti ya bushe, sai ya kankare tsatsar tsohuwar ƙusa, ya dama da ƙaro, ya ɗiga ta a bakin ƙofa da gashin kaza, daidai inda ruwan sama ke bi. Taragon shanu ya ɓata masa gindi da jar ƙasa. Tankin mai ya zubo masa baƙin hayaƙin fitila daga murfi har ƙasa. A gefen kowanne ya rubuta sunan tasha da farin alli, rubutu karkatacce irin na masu lodi. Akwai guda ɗaya na gyaɗa da ya lotsa masa kusurwa da gangan, don a irin wannan kusurwar tarago ya matse amininsa, a gabansa, bai tashi ba. Da la'asar tsofaffin abokan aiki sukan zo su zauna. Wannan ya nuna tarago ya ce ya san shi, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya loda shi. A yi ta musu har magariba. Abin da ya rage musu ke nan.

Yana da ɗa, magidanci, mai fentin mota. Mutumin kirki, yana son ubansa. Amma a sana'arsa tsatsa cuta ce, lotsawa kuwa abin kunya. Da ciwo ya kwantar da tsohon a asibiti, ɗan ya rasa abin da zai yi masa. Sai ya kwashe taragun ya kai gareji. Ya goge tsatsar tas, ya cike lotsawar, ya yi musu feshi da ragowar shuɗin fentin wata mota. Aiki ya yi kyau, babu laifi ko ɗaya. Ranar da aka sallamo tsohon, ɗan ya yaye zanen da ya rufe taragun da shi a zaure yana murmushi, ya ce, “Baba, ka gani? Kamar yau aka ƙera su.” Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka.” Can ya ce, “Wanne ne na gyaɗar?” Ɗan bai sani ba. Tsohon ma ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya bi kusurwoyin da yatsa, bai gane ba.

Daga baya ya dama tsatsa, ya ɗauki gashin kazar. Amma ciwon ya bar masa rawar hannu, ɗigo ɗaya ya kasa sauka inda yake so. Ya ajiye. Abokan suka zo, suka duba shuɗayen taragu, ba abin da za a yi musu a kai. Suka gaisa suka tashi. A hankali ƙafarsu ta ɗauke. Tsohon ya mayar da zanen ya rufe, bai ƙara buɗewa ba, bai kuma taɓa faɗa wa ɗan komai ba.

Jira gyatumarka ta dawo ka tambaye ta. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira aka rasa ido.