Alƙalamin Ɗan Fari

Abdulhadi yana cikin ramin zinare a dajin Anka, taɓo har gwiwa, aka zuro masa waya daga sama. Ƙanwarsa Fatiha ce.

"Yaya, taho maza! Inna ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace."

Ko hannu bai wanke ba ya haye babur ya nufi Gummi. Duk ramin da ya faɗa a hanya, saƙon Inna ne ke dawo masa a kunne.

Bara ne Malama Shafa'atu, ɗiyar limamin unguwarsu, ta buɗe wani zama a makarantar Islamiyya. Duk Asabar tsofaffi kan zo, kowa da ɗansa ko jikansa. Tsoho ya faɗi rayuwarsa, yaro ya rubuta da boko ko da ajami, Malama tana koya musu yadda ake tambaya da yadda ake jera labari, tun daga gidan da aka haifi mutum har zuwa halin da yake son zuriyarsa ta riƙe.

Inna Hindu ta so shiga. Sai dai Abdulhadi take so ya rubuta mata, shi kuwa ɗan fari ne. Inna Bafulatanar Nasarawa Burkullu ce, mai kunya ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa zama hira da shi ba. Don haka ta bakin Fatiha ta aika.

"Ki ce wa wancan ya taho ya riƙa mini alƙalami."

Dariya ya yi a waya. "Ke da kika yi sakandare, mi zai hana ki rubuta? Yaushe Inna ta fara marmarin hira da ni? Bari mu ga abin da ramin nan zai ba mu, bayan salla ina tafe."

Salla ta wuce. Damina ta sauka, aka yanke shinkafa a fadama, Inna tana aikowa, shi yana cewa sai wani mako.

A asibiti ya same ta kwance, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya ƙi motsi. Ya zauna a gefen gado, ƙuruciyarsa ta riƙa dawo masa. Ya tuna yadda takan ɓoye kan kifi a ƙarƙashin tuwonsa, ta tura masa kwanon ba tare da ta dube shi ba. Ya tuna shekarar da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi, ta zauna a bayan ƙofa tana tofa addu'a, in wani ya shigo sai ta ce tsintsiya take nema.

Da yamma Malama Shafa'atu ta zo dubiya.

"Kai ne marubucin da muke ta jira," ta ce. "Innarka ba ta taɓa fashi ba. Takan zo da ƙaramar tabarma ta shimfiɗa kusa da tata, ta hana kowa zama. Wani tsoho cikin masu zuwa zaman, Modibbo Ilu, yakan tsokane ta, ya ce, 'Hindu, marubucinki aljani ne, mu ba mu ganinsa?' Ita kuwa ta ce, 'Naka da ake gani, ƙaryarka yake ta cika takarda da ita.'"

Abdulhadi ya sunkuyar da kai. "Mi ya hana ku rubuta mata, Malama?"

"Har roƙo na yi, ta ƙi. Cewa ta yi, 'Tsakanina da wancan akwai kunya. Amma in ya riƙa alƙalami, ai da takarda nake magana, kunnensa kuwa yana kusa.'"

Ya miƙe kamar an tsikare shi. Ya fita bakin asibiti ya sayo littafi da biro, ya dawo ya durƙusa.

"Inna, ga ni. Faɗi, ina rubutawa."

Ta juyo da ido ta dube shi kai tsaye, abin da bai taɓa gani ba tun tasowarsa. Leɓenta ya yi ta motsi, wani sauti ya fito mara kan gado, hawaye ya gangara cikin kunnenta. Ya kara nasa kunnen a bakinta, ya roƙa, ya sake roƙa. Kafin mako ya zagayo Allah Ya karɓi abarsa, littafin nan ko bisimilla ba a rubuta masa ba.

Ana zaman makoki wani dattijo da Abdulhadi bai taɓa gani ba ya yi sallama, da sanda a kafaɗa. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ja shi gefe.

"Daga Burkullu nake. Ni ne kakan Sagir, wanda aka sa wa rana da ɗiyarka Nusaiba. Wata tsohuwa a rugarmu ta ce shekarar da uwar Sagir ta kwanta ciwo, Hindu tana goyon Fatiha, ta zo ta karɓi jaririn. In ta shayar da shi, ƙanenka ne, babu aure tsakaninsa da ɗiyarka. Uwarsa ta rasu, tsohuwar kuma ba ta da tabbas. Kai ne babba. Mi ta faɗa maka?"

Abdulhadi ya tuna littafin nan da ko layi ɗaya babu a cikinsa. A cikin gida yana jin muryar Nusaiba tana yi wa baƙi sannu da zuwa.

Mai karatu, in tsohonka ya kira ka ya ba ka labari, ajiye abin da ke hannunka ka tafi yau, ka saurara, ka rubuta. Zinare yana jira a ƙasa, bakin tsoho ba ya jira.