Tukunya Mai Kunne Ɗaya

Murfi kaɗai wata mata ta ajiye gaban maƙerin tukwane a kasuwar Diffa.

"Malam, zuba mini tukunya daidai shi. Yana hannuna 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu, da shi na gudo sansanin Asaga. Tawa mai kunne ɗaya na baro ta kan murhu."

Maƙerin ya dubi dalmar da ke narkewa. A ciki har da wata mai kunne ɗaya da ya farfasa ɗazu, da ƙanzon tuwo a cikinta, cikin tarkacen da ake kwaso masa daga kufai, bai taɓa tambayar na wa ne ba.

Ya zuba, ta huce, murfin ya zauna daram.

"Allah ya yi albarka," in ji ta. "Sai ka ce tawa!"

Ya kasa cewa amin.