Mai Kwaikwayon Shekari

Shekari ya sake duba hoton a wayarsa, ya ji kamar ya maka ta da ƙasa. Tebur ne na saiwar maɗaci, ƙafafunsa a murɗe, an ɗora masa gilashi yana sheƙi a falon wani attajiri a Abuja. Irin nasa sak. A ƙasan hoton an rubuta sunan wani shago da bai taɓa ji ba: Gidan Saiwa.

Shekara goma sha ɗaya yana wannan sana'a a bayan gidansa a Romi. Shi ke zuwa Kakau ya sayi kututturen da manoma suka tumɓuke, ya bar shi ya bushe, ya bi shi da gizago har kujera ta fito daga ciki. Amma ba ya yafe wa itace. Tsaga ɗaya ta bayyana, ko ƙwaro ya huda gefe, sai ya ture aikin waje. Matarsa Juliana takan kira mai keke ya kwashe, wai a kai wa ƙanwarta mai dafa abincin biki a Gonin Gora ta hura wuta da shi. Da ƙyar yake sakin abu huɗu a shekara.

Gidan Saiwa kuwa duk wata sai sun fito da sabo. Kujera mai kama da ɓarin ƙwarya. Ɗan tebur mai siffar suri. Duk tunaninsa ne, kuma bai taɓa nuna wa kowa ba.

Ya zargi Ernest, maƙwabcinsa mai walda, har suka daina gaisawa a coci. Ya ƙara wa katangarsa tsawo da kwano. A banza.

"Baban Mercy, ci abinci mana," in ji Juliana. "Ƙila mutanen suna son itace da tabonsa ne."

"Tabo? Ɓarawon nan ko tsaga bai iya ɓoyewa ba! A fili yake barinta, kuma suna rububin saye!"

Ta ƙara masa nama.

Abin da ya ƙure shi, wani sabon otal a Barnawa da ya yi wata biyar yana wa sintiri ya kira shi. Manajan ya ba shi haƙuri, ya ce sun ba Gidan Saiwa aikin, wai kayansu sun fi rai.

Ranar bai taɓa gizago ba. Ya ari wayar wani abokinsa ya tura saƙo a matsayin mai saye, ya ce ba zai sayi komai ba sai ya ga mai shagon ido da ido. Amsa ta zo: Asabar, ƙarfe goma na safe, bayan tashar Gonin Gora.

Ya isa tun tara da rabi, ya haddace duk abin da zai faɗa. Rumfa ce babba, kayan a naɗe cikin bargo, maza biyu na loda su a mota.

"Ina mai wurin nan?" ya daka musu tsawa. "Ya fito ya gaya mini wa ya ba shi izinin satar basirata!"

Ƙofar ofis ta buɗe.

"Baban Mercy, babu wanda ya kwaikwaye ka," in ji Juliana. "Duk abin da ke nan, kai ka sassaƙa shi da hannunka ka yar."